Gidan da Sanda Kafinta Ya Tsallake

Yayana Sanda ba ya kallon fuskar mutum in suna gaisawa, rufin gidansa yake kallo. Kana ce masa ina kwana, shi idonsa yana can sama wajen bakin kwano, yana amsa maka da rabin baki. Mutanen Birnin Kudu sun saba da shi. In ya gama kallon ya ce madalla, to ka saki jikinka. In kuwa ya yi shiru ya sosa ƙeya, ka fara neman katako.

Ni ce ƙanwarsa Zubaida, ni nake bi masa. Babu wanda ya sha haushin mutumin nan kamar ni, kuma ban yarda wani ya zage shi a gabana ba.

A Kangire aka haife mu. Mahaifinmu manomi ne, so ya yi Sanda ya riƙe fartanya kamar kowa. Wata shekara gyaɗa ta yi kyau, Baba ya cire jinkar ɗakinsa ya sa kwano, har daga maƙwabta ake zuwa kallo. Rufin bai ga ƙarshen damina ba. Iskar farko ta ɗauke shi ɗungurungum ta ajiye a gonar wani. Muna ta kuka, Sanda kuwa ya bi rufin har inda ya faɗi, ya tsuguna yana jujjuya shi. Da ya dawo ya ce ƙusa ko ɗaya ba ta saki ba, kwanon yana nan manne da katakonsa. Katakon ne ba a ɗaure shi da bango ba. Ya ce, "Baba, hula kawai aka ɗora wa ɗakin nan." Ya sha rankwashi saboda maganar, amma daga ranar noma ya fita daga ransa.

Ya shigo Birnin Kudu ya koyi kafinta. Gaskiya ɗaya ce, ban ba kowa shawarar ya sayi kujerarsa ba, wadda ya yi mini har yau sai na sa mata tsinke a ƙafa. Amma rufi, wannan kam Allah ya ba shi. Makaminsa langa-langa, siririn ƙarfen nan da ake ɗaure dilar gwanjo da shi. Duk shekara sai ya bi 'yan gwanjo ya tattaro shi, ya miƙar da guduma, ya naɗe. In sabon gini ne, tun magini bai kai kai ba yake sa a binne masa shi a cikin bango, ya bar jela a waje, in an ɗora katako ya naɗo ta kansa ya buga. In tsohon gida ne sai ya huda bangon daga ƙasa kaɗan, ya zura, ya zagayo. Da zarar zafin bazara ya kankama, mangwaro ya fara nuna, za ka gan shi da tsani a kafaɗa yana bi unguwa-unguwa. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne dutse ko tsohuwar taya a kan kwano. Cewa yake ranar iska dutsen nan kan ɗan maƙwabcinka zai sauka.

Haka ya yi rayuwarsa. Bai tara ba, bai roƙa ba. Ya aurar, ya yi jikoki, gwiwarsa ta hagu ta fara ciwo, amma bai ajiye tsani ba.

Sai maganar Bara'atu, wadda saboda ita na zauna ba da labarin nan.

Bara'atu ita ce 'yarsa ta fari, kuma gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Mahaifiyarmu har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan Sanda ba, shi ma ya gada ya ƙara da nasa. Ana yaye yarinyar aka kawo mini ita, a hannuna ta tashi. Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Bai taɓa zama ya yi hira da ita ba. In ta durƙusa ta gaishe shi sai ya amsa yana duban gefe. In zai yi maganarta cewa yake "'yar gidanki." Yanzu na ga uba yana saɓa ɗan fari a kafaɗa ana ɗaukarsu hoto a waya, ni ban ce laifi ba ne, mu dai ba haka muka taso ba. Kusa da Sallah sai ya ajiye takalmi a zaurena ya ce, "Na gani a kasuwa, ko akwai wanda zai yi wa." Ba a taɓa samun wanda ya yi mata kaɗan ko yawa ba. Ni na san da ido yake auna sawunta a ƙasa. Ita ba ta sani ba, a wajenta Gwaggo ce mai sayen takalmi.

Ta yi karatunta, ta koyar a Islamiyya, ba ta yi gaggawar aure ba, har ƙannenta biyu suka riga ta. Daga baya ta kawo Musbahu, wani tela a Gwaram, yaro mai ladabi har ya so ya yi yawa. Aka ɗaura aure bayan kaka. Mu mata muka kai ta, muka yi jere a sabon ɗakin da ya gina, ciki da falo, ko silin ba a kai ga sawa ba.

Da na dawo na je gaida Sanda, na miƙa masa waya ya ga hotunan jere. Na zaci gado zai duba, ko kwanukan da muka sha wahalar jerawa. Sai na ga ya sa yatsa biyu yana buɗa hoton, yana hawa sama, ya wuce labule, ya wuce kan kabad, har inda katako ya kwanta a kan bulo. Ya daɗe a wurin. Sannan ya sosa ƙeya.

"Wa ya yi rufin nan?"

Na ce, "Kawun ango. Gudummawarsa ke nan, da hannunsa ya yi."

Ya miƙo mini wayar. Ya ce, "Ba a ɗaure ba."

Na ce to sai a faɗa musu. Ya dube ni kamar na ce ya fita tsirara. Ya za a yi uban amarya ya aika gidan surukai ya ce aikin kawunsu bai yi ba? Aikin ma na kyauta? Kuma a kan wa, a kan 'yar fari? Ai sai a ce ga Sanda can ya zubar da girma, ya bi 'ya har ɗakin miji. Ya ce ni in faɗa, amma in rufa masa asiri, kada sunansa ya fito. Har rantsuwa ya sa na yi.

Na kira Bara'atu na ce ni dai rufin nan bai kwanta mini ba. Ta faɗa wa mijinta. To wa zai ɗauki maganar tsohuwa mai sayar da ƙuli a kan rufi? Musbahu ya aiko da godiya mai yawa, ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma saboda Gwaggo za a ƙara kiyayewa. Ya samo manyan duwatsu ya jera a kan kwanon, har ya turo mini hoto don hankalina ya kwanta. Na nuna wa Sanda. Ranar bai ci tuwo ba.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Labari ya zo cewa Bara'atu tana da ciki. Kulu, matar Sanda, ta ce mini mutumin nan ya daina barcin kirki, kullum da yamma sai ya fita bayan gari ya tsaya yana kallon gabas. Ya rame. Na je na same shi na ce, "Yaya, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ko ka yi magana ko ka bar ni in yi." Ya ce in ƙara haƙuri, ya samo dabara.

Dabarar kuwa, in ba Sanda ba ban san wanda zai yi tunaninta ba. Ya tattara langa-langar da ya tara ta shekara guda, wadda da ita yake cin abincin bazara, ya ɗaure da tsaninsa a kan bas, ya sauka Gwaram. Limamin masallacin layin su Musbahu, Malam Ikrima, tsohon abokinsa ne. Ya sauka a zaurensa ya ce ya zo ɗaure rufin masallaci ne saboda Allah. Wa zai yi zargin mai gyaran masallaci? In ya gama, maƙwabta za su gani su ce a duba musu nasu. Gida ya bi gida, har a zo kan nata, a ce ai layi ake bi. Ba wanda zai ce ya zo don 'yarsa, ba wanda zai ce an raina aikin kawu.

Ni ma na haɗa kayana na bi shi, na ce na zo duba mai ciki. Ni ba ruwana da kunyar kowa, ni na goye ta.

Farkon abin ya tafi yadda ya tsara. Ya gama masallaci, ya yi ajin Islamiyya da ke jikinsa. Mutane suka fito suna kallon dattijo a sama da rana tsaka, yana huda bango yana zura ƙarfe. Da ya kama katakon wani gida ya girgiza, rufin duka ya motsa, sai kowa ya shafa wa gemunsa ruwa. Wannan ya ce a zo nasa, wancan ya ce a zo nasa. Wanda ya miƙo wani abu ya ce a bar shi, a sa masa albarka kawai. Mata suna aiko masa da fura da kunun tsamiya.

Gidan Bara'atu ba shi da nisa da masallacin. Ina tsakar gida na ji gudumarsa a gidan da muke katanga ɗaya, na ce alhamdu lillahi, gobe sai mu. Washegari na ji gudumar ta ɗaya gefen. Ya tsallake mu.

Na yafa mayafi na same shi a gindin tsani. Na ce, "Yaya, lafiyarka kuwa?"

Ya ce, "Ba a kira ni ba. Kowa shi yake kirana. In faɗa gidan yaro haka kawai?"

Na koma na tare Musbahu. Yaron nan ya sunkuyar da kai kamar zai nutse. Ya ce, "Gwaggo, ni in buɗe baki in ce Baba ya hau saman ɗakina ya yi mini aiki? Ina ƙasa yana sama? Wallahi ba zan iya ba." Ashe tun da Sanda ya zo ya daina bi ta bakin layi, ta bayan gari yake zagayawa zuwa shago, don kada ya wuce ta ƙarƙashin surukinsa yana aiki. Na ce to ya kira wani kafinta. Ya ce ga Baba a layi, ya kira wani, ai ya zage shi ke nan. Kuma in kawu ya ji fa?

Kun ji inda na samu kaina. Wannan yana jira a kira shi, wancan kunya ta hana shi kira, ga yarinya da ciki tana kwana a ƙarƙashin hula da duwatsu a kai. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Na ce da Sanda kunyar da za ta kashe mutum ba kunya ba ce. Ya ce in yi a hankali kada a ji. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma in na ɗaga kai na gan shi yana jan gwiwar nan a kan kwano mai zafi, sai tausayi ya kama ni, in rasa wanda zan ji haushi.

Ita kuwa Bara'atu sai ta kasa kunne. Tana jin gudumar tana nisa, gida bayan gida, har ƙarshen layi, ta juyo ta ɗaya hannun. Kullum ita take dafa abincin da ake kai masa zauren Liman, ta zuba man shanu, ta rufe da kyau. In kwanon ya dawo sai ta buɗe ta ga ko ya ci. Na lura ta rage magana. Rantsuwar da na yi ta hana ni gaya mata gaskiya.

Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne na je wajen Malam Ikrima na zayyana masa, ban da abin da na rantse a kai, shi ma ba yaro ba ne, ya gane sauran. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce a bar masa. Bayan sallar Azahar ya sanar cewa duk gidan da ya rage a layin za a ɗaure shi, umarnin masallaci ne, ba sai mai gida ya nema ba. Ya ja Musbahu gefe ya ce ranar kasuwa ya fita da wuri, kada ya dawo sai yamma. Kowa ya samu mafita. Sanda ya ware langa-langa mafi kauri ya ajiye gefe, ashe tun farko ya ɓoye ta. Saura kwana ɗaya kasuwa ta ci.

Ranar da yamma, bayan La'asar, garin ya yi tsit. Zafi kamar an rufe mutum a tukunya, ko ganye ba ya motsi. Ina tsince shinkafa a ƙofar madafa, Bara'atu ta shiga ɗaki ta kwanta saboda bayanta. Sai kaji suka fara shigewa akurki da kansu. Na ɗaga kai na ga gabas ta yi ja, ƙasanta baƙi ƙirin.

Ni ƙanwar Sanda ce, ban tsaya tunani ba. Na shiga na ce ta taso. Ta ce, "Gwaggo, bari in ɗan huta." Na fizgo hannunta na ja ta zuwa madafa, ɗan ɗakin ƙasa ne mai rufin azara, na tura ta lungu na tsaya a bakin ƙofa. Iskar ta iso. Na ji duwatsun nan suna gangarowa a kan kwano ɗaya bayan ɗaya. Rufin ya ɗaga ta gaba ya koma, ya sake ɗagawa ya koma, kamar murfin tukunya in ta tafasa. A na uku bai koma ba. Ina kallo ya tashi gaba ɗaya da katakonsa, ya juya a sama, ya haura katanga ya tafi. Bulon saman bango ya zubo ciki. Sai ruwa ya kece.

A cikin ruwan nan Sanda ya shigo, babu sallama, babu hula, tsani a kafaɗa, langa-langa a hannu. Tun da aka yi auren bai taɓa taka gidan ba. Ashe yana ganin hadarin ya saɓo tsani daga zauren Liman, iska ta kayar da shi a hanya, ya tashi ya ci gaba. Ya yar da tsanin ya faɗa ɗakin da babu rufi. Na hango shi tsaye a bakin gadon, inda bulo biyu suka faɗo daidai kan matashi, yana ɗaga katifa kamar mutum zai iya shiga ƙarƙashinta. Na ƙwala masa kira na ce ga ta nan, tana nan, lafiya lau. Ya fito ya leƙo madafar. Ya gan ta. Sai ya zauna a cikin taɓo a tsakar gida, ruwa yana dukansa.

Ruwan bai daɗe ba. Kafin Magariba ya ɗauke, gari ya yi sanyi. Musbahu ya shigo a guje, jiƙe sharkaf, ya ga matarsa, ya ga surukinsa a ƙasa, ya rasa inda zai sa kansa. Maƙwabta suka cika gidan, ana fitar da katifa da akwatuna, ana matse labule. Kayan jeren da muka wahala a kai duk sun sha ruwa da ƙasa. Ana jaje, ana kuma yi wa Sanda addu'a, don a layin nan kaf, ban da wannan gidan, ko kwano ɗaya bai ɗaga ba. A wasu unguwannin an yi ɓarna sosai. Wani dattijo ya kama hannunsa ya ce, "Malam Sanda, Allah ne ya aiko mana kai." Kowace addu'a aka yi sai in ga ya ƙara sunkuyawa.

Da mutane suka ragu, na shimfiɗa wa Bara'atu tabarma a ƙofar madafa. Sanda yana tsaye jikin katanga, ya juya mana gefe, yana murɗa langa-langar nan a hannu. Ta daɗe tana kallon ɗakinta. Sannan ta yi magana, a hankali, da ni take amma don ya ji.

"Gwaggo, ki tambayar mini Baba. Gidan kowa ya hau a layin nan, har na waɗanda bai san sunansu ba. Ya zo kan nawa ya tsallake. Tun ina yarinya nake cewa kunya ce, nake ba kaina haƙuri. Ki tambaye shi, in wani laifi na yi masa, ya faɗa mini in roƙi gafara."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

Sanda ya juyo wajena. Ya ce, "Zubaida, ki gaya mata..."

Na ce, "Ba zan gaya ba. Na gaji da aike. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ga ta nan a gabanka."

Musbahu ya zame zai fita, na ce ya tsaya, shi ma da shi. Yayana, mai furfura, mai jikoki, ya jawo gwiwarsa ya matso, ya tsuguna a bakin tabarmar, abin da ban taɓa gani ba. Ya ajiye ƙarfen a gabanta. Ya ɗago ya dube ta a fuska.

Ya ce, "Naki na zo ɗaurewa. Sauran duk hanya ce, na yi ta zagaye har na makara. Ki yafe mini."